Murar Da Kan Sauka Ƙirji

Yau za mu yi magana a kan wata irin mura wadda kan fara kamar ba kome, sa'an nan ta sauka ƙirjin yaro har ta kai shi ga kwanciya asibiti.

Ƙwayoyin cuta iri iri ke kawo wannan. A cikinsu akwai wasu 'yan dangi da likitoci ke kira entarobairos. Sun fi iri 100, ƙwayar shan inna ma danginsu ce. Ƙanana ne ƙwarai, ko madubin da malamin asibiti ke duba jini da shi ba ya nuna su. Yawancinsu a hanji suke zama, amma wata mai lamba D68 ta fi son hanci da huhu. A 1962 aka fara gano ta, a jikin wasu yara masu ciwon huhu a Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Aka daɗe ba a cika jin ɗuriyarta ba, sai a 2014 ta ɓarke a can. Da aka auna majinar marasa lafiya, aka same ta a jikin mutum fiye da 1,000, kusan duk yara ne, da yawansu kuwa dama masu fuka ne.

To, ga inda maganar ta shafe mu. Wannan ƙwaya ba ta da rigakafi, kuma allurar fanisilin ba ta kashe ta, don haka kada ku matsa wa malamin ɗakin magani sai ya yi allura. Abin da ke ceton yaro shi ne a gane da wuri numfashinsa ya ɓaci, a kai shi inda za a taimake shi da iska.

Uwa, in ɗanki na tari, ki ɗaga rigarsa sa'ad da ya natsu, ki dubi ƙirjinsa. In ƙasan haƙarƙari na lotsawa duk jan numfashi, ko kin ji ƙara kamar fito, ko ya ƙi nono, kada ki jira ranar kasuwa. A samu mai agogo ya ƙirga: ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai numfashi 50 a minti ɗaya ya yi yawa, ɗan shekara 1 zuwa 5 kuwa 40.

Ta tari da atishawa da majina take yaɗuwa, saboda haka a riƙa wanke hannu da sabulu. In kuwa bayan mura hannu ko ƙafar yaro ta saki, a kawo shi ran nan, ko da an ɗiga masa maganin shan inna.