3.3 Tallar Kutse da Illolinta ga Mai Saye

A sashen da ya gabata an yi bayanin talla a gargajiyar Bahaushe. A nan kuma za a duba wani nau'inta wanda wannan nazari ya kira tallar kutse, wato tallar da take isa ga mutum ba da izininsa ba, kuma ba ta bar masa hanyar kauce mata ba.

Idan aka dubi mai tallar fura ko goro, za a ga cewa takan ɗaga murya ta ambaci hajarta ta wuce. Idan za ta shiga gida sai ta yi sallama, in an ce ba a saye ta juya. Ke nan zaɓi yana hannun mai saye. Wannan zaɓi shi ne abin da tallar kutse take ƙwacewa, kuma a nan ne matsalarta ta fuskar ɗa'a take.

Misali na farko shi ne na wayar salula. Bayan shigowarta Nijeriya a shekarar 2001, sai saƙonnin talla suka riƙa faɗo wa mutane dare da rana, wasu na waƙoƙin kira, wasu na gasar cin kyauta. Mutane sun yi ta kukan cewa ana sanya su cikin tsarin da ba su nema ba, ana kuma cire musu kuɗi. Wanda bai iya karatun Ingilishi ba shi ya fi cutuwa, domin bai san abin da ya danna ba, balle yadda zai fita. Yawan koke-koke ya sa a shekarar 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa (NCC) ta fito da lambar 2442, wadda mai waya zai aika wa saƙo domin a dakatar da irin waɗannan tallace-tallace.

Misali na biyu shi ne na masu tallar maganin gargajiya da lasifika a kasuwanni da tashoshin mota. Mai waya yana iya kashe wayarsa, amma fasinjan da ke jiran mota ta cika ba shi da yadda zai toshe kunnensa. Sau da yawa akan ambaci al'aura da sha'anin aure ɓaro-ɓaro, alhali ga uba da 'yarsa ko suruki da surukarsa a kujera ɗaya. Wannan ya saɓa wa kunya, wadda ginshiƙi ce a tarbiyyar Bahaushe. Bayan haka, akan ce kwalba guda tana maganin basir da shawara da ciwon suga gaba ɗaya. Marar lafiyar da ya gaskata yakan jinkirta zuwa asibiti har ciwo ya ci ƙarfinsa.

Ba a ce babu doka ba. An kafa hukumar kula da tallace-tallace ta APCON a shekarar 1988, aka maye gurbinta da ARCON a shekarar 2022, kuma wajibi ne a sami amincewar hukumar NAFDAC kafin a tallata magani. Sai dai ya fi sauƙi a tace tallar rediyo da talabijin a kan a bi kowace mota mai lasifika kasuwa-kasuwa.

A taƙaice, tallar kutse tana taɓa mai saye ta fuska huɗu: lokacinsa da aljihunsa da lafiyarsa da mutuncinsa. Hakkin ɗan kasuwa ne ya bayyana hajarsa, amma hakkin nan ya tsaya ne inda hakkin mai sauraro na cewa "a'a" ya fara. A sashe na gaba za a nazarci salon harshen da masu irin wannan talla suke amfani da shi.