Zumar Agabe: Zaƙin da Na'urar Awon Suga Ba Ta Gani

Duk wanda likita ya ce wa ya rage sukari, kunnensa a buɗe yake ga labarin abin da zai maye gurbinsa. Cikin irin waɗannan labarai akwai na zumar agabe, wani ruwa mai yauƙi da ake sayarwa a kwalba, ana cewa daga tsiro yake, kuma ba ya tayar da sugan jini da sauri. Duka biyun gaskiya ne, amma ba su ne ƙarshen zancen ba.

Agabe tsiro ne na ƙasar Meziko, mai kaurin ganye da ƙaya a baki, kuma jihar Jalisco ce ta fi shahara da nomansa. Yakan kai shekara 7 ko fiye kafin ya isa sara. Sai a sassare ganyen, a bar ƙullutun tsakiya mai siffar ƙatuwar abarba. Da wannan ƙullutu ake haɗa giyar tequila, sai dai ita zumar ba a barin ta ta yi tsami, don haka ba barasa ba ce.

Ruwan da aka matse daga ƙullutun bai da wani zaƙin kirki. A masana'anta ake tace shi, a dafa shi ko a zuba masa sinadarin da zai farfasa shi, sannan a ƙone ruwan har ya yi kauri. Abin da ya rage galibinsa wani nau'in sukari ne mai suna furuktos, sau da yawa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na sukarin da ke ciki. Sukarin rake da muke sa wa a koko rabinsa furuktos ne, rabinsa gulukos.

To ga inda gizo ke saƙa. Na'urar da mai ciwon suga ke huda yatsa ya ɗiga mata jini, gulukos take aunawa. Shi furuktos hanta yake nufa, ita ke ɗawainiyar sarrafa shi. Mutum zai sha shayinsa da agabe, ya auna bayan awa biyu, ya ga lamba ba ta yi wani tashi ba, hankalinsa ya kwanta, gobe ya ƙara cokali. Alhali idan furuktos ya yi wa hanta yawa, mai da shi kitse take yi. Wani ya taru a jikinta, wani ya shiga jini ya ƙara maiƙo, kuma yana ƙara sinadarin yurik da ke haddasa ciwon gaɓɓai. Mai ciwon suga da mai teɓa kuwa dama su suka fi shiga haɗarin kitsen hanta.

Zumar agabe ba guba ba ce, kada a ɗauka haka nake nufi. Ta fi sukari zaƙi, saboda haka kaɗan ke isa, kuma tana narkewa nan take ko a ruwan sanyi. Amma cokali da cokali ta ɗan fi sukari kalori, kuma ba ta da wani abin gina jiki da ya taka kara ya karya.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a ci da sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba jiki kuzari a yini, wato kusan giram 50 ga babban mutum, kimanin cokalin shayi 12. Ta ce a sauka zuwa rabin haka ya fi. A lissafinta har da zuma da duk wani ruwan zaƙi, don haka agabe na ciki, kamar yadda mazarƙwaila take.

Masu shan maganin suga ko allurar insulin su lura da wani abu. Idan suga ya faɗi, jiki na rawa, gumi na karyowa, kada a nemi agabe, domin ba ta ɗaga sugan jini da sauri. A jiƙa sukari ko gulukos a ruwa a ba mutum matuƙar yana iya haɗiya, idan kuwa ya fita hayyacinsa a garzaya da shi asibiti.