Rawar Turawa Ta Kan Yatsun Ƙafa Da Kayan 'Yan Wasanmu Na Gida

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Tsafe, wanda ya ce yana kasa yadi a kasuwar Gusau, ya rubuto yana cewa ya ga wasu matan Turawa a talabijin suna rawa a kan yatsun ƙafa, sanye da wani siket kamar buɗaɗɗiyar lema. Yana so a gaya masa asalin wannan shiga, da irin yadin, kuma ko mu ma muna da tufafi na musamman na 'yan wasa.

AMSA: To Malam, bari mu fara da ƙarshen tambayarka, don amsarta tana ƙofar gidanka. In azumi ya kai goma, dubi yaran da ke fitowa tashe a Tsafe ko Gusau ko Bungudu. Yaro ɗan shekara tara zai manna auduga a haɓa, ya shafa toka a fuska, ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, ya kama sanda. Bai ce uffan ba, amma kowa ya san tsoho ne ya iso. Ɗan kama yakan ari shigar malamai don a yi dariya. Ɗan dambe yana da warkinsa da layunsa da karan da ya naɗe a hannu. A Kwatarkwashi ta ƙasar Bungudu, da can an san samari da wasan baura, kuma ƙarfen nan na wuyan hannu shi ne ado, shi ne makami. Ko marigayi Usman Baba Pategi, da an hango kakin soja an san Samanja ne. Aikin kayan wasa ke nan ko'ina a duniya: su gaya wa ɗan kallo na can baya wane ne ya fito.

Ita kuwa rawar da ka gani sunanta bale. A fadojin Italiya ta tsiro, ta girma a Faransa. Shigar da kake tambaya ta yi suna ne a 1832, lokacin da wata mai rawa, Marie Taglioni, ta fito a birnin Paris a matsayin aljanar iska. Ana so ɗan kallo ya ga kamar ba ta taka ƙasa, sai aka ɗinka mata farar riga marar nauyi mai tsayawa a ƙwauri, ita kuma ta riƙa ɗagewa kan yatsu. Daga nan kowa ya ɗauka.

Wannan yayi ya ci kasuwarsa a zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda ta hau gado a 1837, shekarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu, ta kuma mutu a 1901, saura shekara biyu Turawa su ci Sakkwato. Ita kanta tun tana yarinya take sha'awar Taglioni, har takan yi wa 'yar tsanarta irin shigarta.

Batun yadi kuwa, kai da kake sana'ar, ɗauki gidan sauro a ranka. Saƙa ce ta auduga ko siliki mai shara-shara, a sa mata sitaci ta yi tauri, a jera ta hawa-hawa har siket ya kumbura. Da tafiya ta yi nisa sai aka riƙa rage tsawonsa don a ga aikin ƙafa, har ya koma lemar nan da ka gani. Sunan da suke kiransa da shi, wato tutu, ba zai yi daɗi a kunnen Bahaushe ba, amma haka abin yake a bakinsu.

To ga inda gizo ke saƙar. A wancan zamani babu lantarki a gidajen wasa. Fitilun gas ake jerawa a bakin dandamali, a ƙasa, daidai gefen siket, da harshen wutarsu a buɗe. Yadi mai ƙofofi, iska ta cika tsakaninsa, kamar busasshiyar ciyawar rani yake a gaban wuta. A 1844 wata Baturiyar Ingila, Clara Webster, tana cikin rawa a gidan wasa na Drury Lane a Landan rigarta ta kama, jama'a suna kallo, bayan 'yan kwanaki ta mutu. A 1859 hukumar Faransa ta yi doka cewa a riƙa tsoma kayan 'yan wasa cikin wani sinadari mai hana kamawa da wuta. Sai dai sinadarin yana sa yadi ya dushe ya sanƙare. Wata yarinya mai tashe a Paris, Emma Livry, ta ƙi sawa, har ta sa hannu a takarda cewa ta ɗauki alhakin kanta. A watan Nuwamba na 1862 siket ɗinta ya taɓa fitila. Ta yi wata takwas tana jinya, ta mutu a 1863 tana da shekara 20. Kar a yi saurin ganin wautarta: abincinta yana cikin yadda ta fito a idon 'yan kallo, kuma masu gidan wasa sun fi ta ikon kare fitilunsu. Abin bai yi sauƙi ba sai da lantarki ya shigo, kamar yadda aka sa a gidan wasa na Savoy a Landan a 1881.

Dalilin da ya sa muka ja wannan labari, jama'a, shi ne irin wannan haɗari yana nan a gidajenmu. Gemun auduga a haɓar ɗan tashe, ga aci-balbal ɗin mai ƙosai a bakin hanya, ga yara suna ture-ture. Ga amarya da mayafi mai santsi tana sunkuyawa kan risho. Yadin zamani irin na roba ya ma fi na Turawan da mugunta ta wani fanni, domin narkewa yake yi ya manne a fata. In wuta ta kama tufafin mutum, kada ya ruga, gudu hura ta yake yi. Ya kwanta ya yi ta birgima, na kusa su rufe shi da bargo ko buhun algarara. Sannan a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin kamar minti 20. Ban da manja, ban da toka, ban da kashin shanu, kuma abin da ya manne a fata kada a fizge shi. A yi asibiti.

Kai kuma Malam mai yadi, ga gwajin da za ka iya yi a rumfarka. Zare 'yan silla daga bakin yadin, ka sa musu ashana nesa da kaya. In auduga ce, za ka ji ƙauri irin na takarda, ta bar toka mai laushi da za ka murje da yatsa. In roba ce, za ta ƙanƙance ta narke, ta bar wani ƙullutu mai tauri da warin leda. Wanda ya ba ka ƙullutu, gaya wa mai saye kada ta shiga madafa da shi.