Labaran Gobe: Matsalar Harshe cikin Shawarar Manoma da Makiyaya a Ƙasar Kurfai

Garin Filinge yana cikin kwarin Dallol Boso, wajen kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Shi ne babban garin ƙasar Kurfai, mazaunin Kurfayawa, waɗanda harshensu Hausa ne. Kudu da su akwai Buzayen Imanan a Bonkuku, da Zabarmawan Tondikandiya a Damana, da mutanen Tagazar a Baleyara. Arewa kuwa sai Abala, daga nan sai iyakar Mali. Fulani suna ratsa ƙasar duka da bisashensu, su haura da damina, su gangaro da kaka. Ruwan da ke sauka a shekara bai cika kai milimita 400 ba. Watau nan ne wurin da gona take ƙarewa, dajin kiwo ya soma.

Tun a watan Mayu na 1961 gwamnati ta kafa doka mai lamba 61-05, ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga kiwo. Amma jama'ar Nijar da ƙidayar 1977 ta samu miliyan 5 da ɗan ɗori, ƙidayar 2012 ta same su sun wuce miliyan 17. Gonaki suka yi ta haurawa, suka ƙetare iyakar. Farin 1973 da na 1984 suka kashe dabbobi, suka tura makiyaya kudu, suka kuma sa manoma da yawa suka shiga kiwo da kansu, har manomi ya daina bukatar takin Bafulatani kamar da. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda ake kira kofo, aka ƙara da dokar kiwo ta 2010. Aikin waɗannan kwamitoci yana da amfani ƙwarai: suna shata burtali, suna rubuta shaidar gona, suna taimakawa wajen sa ranar sakin gonaki. Sai dai yawancin zaman da ake yi a karkara kan ɓarnar jiya ne, ko kan daminar bana. Abin da kwarin zai zama nan da shekara ashirin ba shi da zauren da ake tattauna shi.

Akwai wata dabara da aka ƙago don irin wannan matsala, wadda masu jin Faransanci suke kira senariyo. A wannan takarda za a kira ta "labaran gobe", za a kuma faɗi dalili nan gaba.

Asalin dabarar

Gaston Berger, wanda aka haifa a Sanlui ta Senegal a 1896, shi ne ya yaɗa ilmin hangen nesa a Faransa cikin shekarun 1950. A Amurka Herman Kahn ya yi amfani da shi kan sha'anin yaƙi, sa'an nan Pierre Wack ya shigar da shi kamfanin Shell a farkon shekarun 1970. Duk waɗannan aikin ƙwararru ne a cikin ofis. Sabon abu ya faru a Afirka ta Kudu a 1991 da 1992, a wani wuri da ake kira Mont Fleur kusa da Kef Tawun, inda mutum 22 daga ɓangarori masu gaba da juna suka zauna tare, Adam Kahane yana tafiyar da zaman. Ba a tambaye su abin da suke so ba, ba a kuma tambaye su abin da zai faru ba. Tambayar ita ce: mene ne zai iya faruwa? Suka fitar da labari huɗu. Ɗaya na jimina ne, gwamnatin da ta ƙi ganin gaskiya. Ɗaya na gurguwar agwagwa, sauyin mulkin da ya ja ƙafa. Ɗaya na Ikarus, wanda ya tashi sama da gaggawa ya faɗo, watau gwamnatin da ta kashe kuɗin da ba ta da su. Na huɗu na wasu tsuntsayen ruwa ne masu tashi a hankali amma a tare. Biyu daga mahalarta, Trevor Manuel da Tito Mboweni, sun riƙe ministan kuɗi daga baya. An maimaita dabarar a Kolombiya da Gwatamala, an kuma gwada ta kan noma da canjin yanayi a Kuciyala ta Mali da arewa maso yammacin Gana.

Hikimar abin a fili take. Mutum biyu da ke jayayya kan gona ba za su yarda kan abin da ya kamata ba, amma suna iya yarda cewa in rijiya ta ƙafe, ta ƙafe wa kowa. Nijar ma ba baƙuwar babban zaman shawara ba ce: an yi muhawarar Maraɗi kan hamada a 1984, an yi Taron Ƙasa a 1991. Amma da Faransanci aka rubuta sakamakonsu, kuma shawarwari suka fitar, ba labarai ba.

Sunan abin

Matsala ta fari ga mai son kai dabarar Kurfai ita ce sunan da zai ba ta. In ya ce "hasashe", mai sauraro zai ɗauka ana faɗa masa abin da zai auku. In ya ce "tsari" ko "shiri", za a ji kamar furoje ne ya zo da kuɗi, kowa sai ya shiga lissafa bukatunsa. "Tatsuniya" ta yara ce da dare, dattijo ba zai bar aikinsa dominta ba. Mafi haɗari ita ce "duba", domin duba aikin boka ne da mai bugun ƙasa, kuma malamin gari zai tashi ya ce gaibu sai Allah. Gaskiyarsa ne, in haka aka gabatar da abin. "Labari" kuwa kalma ce mai faɗi, tana ɗaukar abin da ya faru da abin da aka ƙaga, ba ta tilasta wa kowa ya gaskata. Jam'in ma yana da aiki: da zarar an ce labarai, an nuna ba ɗaya ba ne, don haka ba annabci ba ne. Ga malamai kuma akwai hujjar da suka sani sarai, ta hadisin da aka umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sa'an nan ya yi tawakkali.

Bayan wannan akwai tsoron mugun baki. A ƙasar Hausa ba a ambaton masifa haka kawai; wanda ya ce za a yi yunwa, in aka yi ta, da shi za a kuka. Ga shi kuwa dabarar ba ta da amfani sai an faɗi munanan labarai tare da kyawawa. A nan ne nahawu yake shigowa.

Abin da nahawu ya tanada

A dubi waɗannan jimloli:

(1) Ruwa zai yi ƙaranci.
(2) Ruwa yâ yi ƙaranci.
(3) In ruwa ya yi ƙaranci, makiyaya za su gangaro kafin a ɗauke gero.
(4) Da ruwa zai yi ƙaranci, da makiyaya sun gangaro kafin a ɗauke gero.
(5) Ko da ruwa ya yi ƙaranci, burtali yana nan.

Jimla ta (1) yanke hukunci ce. Mai faɗinta ya ɗauki nauyin maganarsa. Ta (2) tana da lokaci mai zuwa na biyu, wanda ƙarfinsa bai kai na "za" ba. Da ganin fari sai a ce ita ta dace da labaran gobe, amma fa tana da wani ɗanɗano na kashedi, irin na "kâ gani" ko "mâ haɗu". In manomi ya ce wa makiyayi "shanunka sâ mutu", ba yiwuwa ya ambata ba, barazana ya yi. Ta (3) ita ce ginshiƙi: sharaɗi a buɗe, mai magana bai ce zai faru ba, bai ce ba zai faru ba, ya dai ɗaura sakamako a kan sharaɗi. Ta (4) ta fi nisanta abin daga gaskiya, don haka ta fi dacewa da labarin da ya fi muni, wanda jama'a ke ƙyamar ji. Ta (5) kuwa ita ce jimlar ƙarshen zama, lokacin da ake neman matakin da zai yi amfani ko wane labari ne ya tabbata.

Ashe ke nan Hausa ba ta rasa kayan aiki ba. Inda ake asara shi ne bakin tafinta. Ƙwararre ya yi magana da siffar sharaɗi ta Faransanci, tafinta cikin hanzari ya mayar da ita "za a". Labari huɗu masu yiwuwa sai su zama sanarwa huɗu masu karo da juna, jama'a su watse suna cewa baƙin ba su san abin da suke so ba.

Rubutu ma yana da nasa tarko, kuma wannan ya shafi ma'aikatan yaƙi da jahilci kai tsaye. Ƙa'idar rubutun Hausa, tun daga taron Bamako na 1966 har zuwa dokar 1999 ta Nijar, ba ta nuna karin sauti. Saboda haka in aka cire alamar da ke kan jimla ta (2), sai ta zama "ruwa ya yi ƙaranci", abin da ya riga ya wuce. Haka "na", "ka" da "ta". Kalmar "makiyaya" ita ma biyu ce a baki, ɗaya a takarda: masu kiwo, da wurin kiwo. Takardar da ta ce "a kare makiyaya" tana iya nufin mutane, tana iya nufin fili, kuma a Kurfai bambancin ba ƙarami ba ne. A littafin koyon karatu mahalli yakan warware wannan. A takardar da abokan jayayya za su sa wa hannu, ya kamata a sa alamar, ko a sake ginin jimlar. Bugu da ƙari, Hausar Filinge ba ta Kano ba ce, J.-G. Malka ya kwatanta furucinsu tun a 1978. Inda ake cewa "hwari" da "hili" da "shina", daga bakin mutanen wurin ya kamata a ɗauki siffofin lokaci da na sharaɗi, kada a sauke musu na littafi.

Kalmomin ƙasa sun fi wuya. "Saura" a wurin manomi gona ce mai hutawa, tana da mai ita. Makiyayi ciyawa yake gani. Dokar 1997 ta ba makiyayi haƙƙin fifiko a mazauninsa na asali, ba ta ba shi mallaka ba, amma "namu ne" a Hausa tana ɗaukar ma'anar biyu. Kafin a fara ƙaga labari, sai an kwana a kan irin waɗannan kalmomi da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak, har kowane ɓangare ya ji yadda ɗaya yake fahimtarsu. Wannan zama ba share fage ba ne, rabin aikin ne.

Ta fuskar laƙabin labarai kuwa, ƙasar tana da al'adar da ta fi ta Mont Fleur. Ikarus ba ya nufin kome a Tukunus. Amma mutanen Sahel sun saba raɗa wa shekarun wahala suna, kamar yadda Boureima Alpha Gado ya nuna a littafinsa na tarihin yunwa na 1993: yunwar 1913 zuwa 1914 Hausawa suka ce Kakalaba, Zabarmawa suka ce Gande Beri; ta 1984 aka ce El Buhari. Kalma ɗaya, labari cikakke. Jama'ar da ta iya yi wa jiya haka ba za ta kasa yi wa gobe ba, muddin an bar ta ta raɗa da kanta.

Masu zama

Saura batun wanda zai zauna. Mutanen Mont Fleur ƴan boko ne masu harshe ɗaya na aiki, kowa yana iya katse kowa. A zauren Kurfai talaka ba ya musu da sarki a bainar jama'a, suruki ba ya ɗaga murya gaban surukinsa, mace takan yi shiru ko da ita ke jan ruwa a rijiyar da ake magana a kai. Shirun kunya ba yarda ba ne, ko da yake mai rubuta rahoto yakan ɗauke shi haka. Tarihi ma ya nuna abin da wannan shiru yake rufewa: a ƙasar Filinge ne ƴan Hauka suka ɓullo wajen 1925, talakawa suka bijire wa sarautar da Faransa ta ɗaure wa gindi, suka faɗi da bakin iskoki abin da ba su da zauren faɗi. Don haka ya fi kyau mata da samari da makiyaya su fara ƙaga nasu labaran daban, sa'an nan a haɗa. Zaman da aka kira da damina kuwa, lokacin da garke ke arewa, zaman manoma ne kaɗai.

Tun yaƙin Mali na 2012, da aka kafa sansanin ƴan gudun hijira a Abala, tsaro ya shiga cikin lissafi. An sa dokar ta-ɓaci a Abala a 2017, an hana hawan babur a yankin Tilaberi a farkon 2020. Labarin gobe da bai ambaci bindiga ba, ba mai yarda da shi. Wanda ya ambace ta da sunan wata ƙabila kuwa ya rushe zaman. Jimla mai "a" da "aka", wadda ba ta faɗin mai aiki, tana da amfani a nan.

Kundin da aka kafa a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Wannan zai sauƙaƙa rubuta labaran da Hausa, amma a zaman da Bahaushe yake ɗaya daga masu jayayya, harshensa ba zai zama alƙali ba. Abin da ya dace shi ne a ƙaga kowane labari da baki, a ɗauki muryar, a rubuta shi da harsunan huɗu, a karanta wa masu shi su gyara, kafin a buga shi a kai cibiyoyin karatun manya da gidajen rediyon karkara.