Ɗalibanmu A Birnin Alƙahira: Karatun Da Ba A Yi A Cikin Aji

A cikin shekarar 1741 ne Allah Ya yi wa Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi rasuwa a birnin Alƙahira na ƙasar Masar. Wannan malami mutumin Katsina ne, masanin lissafi da ilmin taurari, wanda bayan ya sauke farali a Makka ya zauna a Masar yana koyarwa. A gidan Shaihu Hasan Aljabarti ya sauka, a can kuma ya cika, ɗan maigidan kuwa, watau Abdurrahman Aljabarti, shi ne ya kawo labarinsa a cikin littafin tarihin Masar da ya rubuta. Tun kafin zamaninsa ma akwai masaukin ɗaliban Barno a Masar. Ashe ke nan hanyar da yaron Dabawa ko na Kurfi yake bi a yau zuwa Masar tsohuwar hanya ce, sai dai abin da ake yin watanni ana tafiya bisa raƙumi ya koma na 'yan sa'o'i a jirgin sama.

An gina Azhar tsakanin 970 da 972, a 1961 kuma aka yi dokar da ta ƙara mata sassan likitanci da aikin injiniya da aikin gona. Ɗalibai baƙi da yawa suna zaune a unguwar da aka gina musu, wadda ake kira Madinatul Bu'us. To, a nan ne matsalar take. Yaro yana iya shekara huɗu ko biyar tsakanin ɗakin kwana da aji, Hausa yake yi da abokansa, tuwo yake tuƙawa da garin da aka aiko masa, har ya komo gida da takardar shaida amma bai san birnin da ya zauna ba. Alhali kuwa Alƙahira da kewayenta sun ƙunshi mutane fiye da miliyan 20.

Babban shingen shi ne harshe. Larabcin littafi daban, na titi daban. Bamisire yana mai da jimun zuwa "g", ya ce "gamal" maimakon "jamal", yana kuma haɗiye ƙaf, ya ce "alb" maimakon "ƙalb". Wanda ya haddace nahawu a zauren malaminsa sai ya tsaya gaban mai shayi ya kasa gane nawa aka ce masa. Wurare biyu ne suka fi saurin kwance wa baƙo harshe, watau wurin cin abinci da gidan wasan kwaikwayo.

ABINCI

Bahaushen da ya lura zai tarar abincin Masar ba baƙo ba ne ƙwarai. Karin kumallon talaka shi ne "ful", wani babban wake da ake kwana ana dafawa a tukunya mai dogon wuya, a zuba masa mai da gishiri da lemun tsami. Da irin waken nan ake yin "ɗa'amiyya", a jiƙa shi, a markaɗa da ganyaye, a soya a mai, ƙanwar ƙosai ce sak. Miyar da suke alfahari da ita, "mulukiyya", ba kome ba ce illa lalo. "Bamiya" kuɓewa ce, "karkade" zoɓo ne, "tamar hindi" kuwa ruwan tsamiya. Har goruba suna jiƙawa su sha, musamman da azumi, suna ce mata "dum".

Wanda babu irinsa a gida shi ne "kushari": shinkafa da makaroni da wani ƙaramin wake mai suna "adas", a kwarara miyar tumatir, a barbaɗa soyayyar albasa, a ɗiga ruwan tafarnuwa mai tsami. Babu nama a ciki, don haka yana da araha, yana kuma riƙe ciki. Da azumi masu hali sukan jera tebura a bakin titi, waɗanda ake kira Mawa'idur Rahman, kowa ya zauna ya sha ruwa kyauta, ba a tambayar ƙasarsa.

Gurasarsu kuwa "aish" suke ce mata, ma'ana rayuwa, kuma ba a banza ba. A watan Janairun 1977, da gwamnatin Anwar Sadat ta janye rangwamen kayan abinci, sai tarzoma ta ɓarke a biranen ƙasar, dole aka mai da shi cikin kwana biyu. Sai a watan Yunin 2024 aka ɗaga kuɗin gurasar rangwame daga ƙirshi 5 zuwa 20, bayan fiye da shekara 30 ba a taɓa shi ba. Wannan rangwame na 'yan ƙasa ne masu katin rabo, baƙo a farashin kasuwa yake saya. Ga shi a watan Maris na 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga wajen 31 zuwa wajen 50 a kan dala ɗaya, naira ma ta sha irin wannan kaye tun Yunin 2023. Saboda haka sanin abincin gari ya wuce marmari, dabarar tsimin guzuri ce.

GIDAN WASA

Masar ta daɗe da wasan kwaikwayo. An buɗe gidan waƙe-waƙen Sarki Isma'il a 1869, gobara ta cinye shi a 1971, aka buɗe sabo a tsibirin Gezira a 1988 da gudummawar ƙasar Japan. A 1870 Yaƙub Sannu ya fara shirya wasanni da Larabcin talakawa. Gidan Wasa na Ƙasa yana Azbakiyya, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Ataba, daura da kasuwar tsofaffin littattafai wadda ɗalibai suka sani sarai. Shi ma ya yi gobara a 2008, aka sake buɗe shi a 2014.

Ƙungiyar wasa ta ƙasa ta fara aiki a 1935 da wasan Taufiƙ Alhakim mai suna Ahlul Kahfi, wanda ya gina bisa ƙissar da ke cikin Suratul Kahfi. Da Larabcin littafi aka rubuta shi, don haka ɗalibinmu zai bi shi ba wuya, an kuma fassara shi da Hausa da sunan Mutanen Kogo. Wasannin ban dariya kuwa, irin na Adil Imam, kamar Madrasatul Mushagibin na 1973 da Shahid Ma Shafsh Haga na 1976, da harshen titi ake yin su. Ranar da baƙo ya yi dariya tare da Misirawa, ba bayan sun gama ba, ranar ya kama harshen. Akwai kuma wasan 'yar tsana na gargajiya, Araguz, mai zambo da habaici kamar na 'yan kama, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun da ke bukatar kariya a 2018.

Ba za a rasa iyayen da za su ce ba kallo aka tura yaro ba, bayan an sayar da hatsi da dabbobi an biya masa kuɗin jirgi. Maganarsu tana da ƙanshin gaskiya. Su kansu Misirawa sun daɗe suna zargin Madrasatul Mushagibin da koya wa yara raina malamai, akwai kuma wasannin da bai dace ɗalibin ilmi ya zauna a gabansu ba. Amma maganin wannan shi ne zaɓe. Gidajen wasa na gwamnati sun fi na 'yan kasuwa sauƙin kuɗi, fita sau ɗaya a wata tare da abokai kuwa ba ta hana kowa cin jarrabawa.

Amfanin abin ba ya tsayawa a Masar. Ƙasar Hausa tana da nata gadon, tun daga tashe har zuwa rubutattun wasanni kamar Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. A Dutsin-Ma akwai Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, makarantun sakandare kuma suna bukatar malaman Larabci masu iya sa yara su buɗe baki su yi magana. Malamin da ya ga yadda ake tsara wasa zai iya koyar da darasi ta hanyar kwaikwayo, wanda ya iya harshen kasuwa kuma zai yi amfani a aikin alhazai da ofishin jakadanci da fatauci.

Ya kamata hukumomin da ke ba da kuɗin karatu su riƙa biya a kan kari, su kuma yi wa yara bitar zaman birni kafin su tashi. Ƙungiyoyin ɗalibai a can su ma suna iya ɗaukar nauyin zagayawa da sababbin zuwa a watansu na farko. Alkashinawi dai bai keɓe kansa ba, a gidan mutanen gari ya zauna, shi ya sa sunan Katsina ya shiga tarihin Masar.