Kogin Yobe da Cinikin Busassun Kaya

Ruwan da manomin Diffa yake shayar da tattasansa da shi, yawancinsa ba a Diffa ya zuba ba. A ƙasar Kano da tsaunukan Jos da Bauci yake sauka, ya bi kogin Haɗeja da na Jama'are, ya watsu cikin fadamun Nguru, sannan ya haɗe waje guda a wajen Gashuwa. Daga nan ne ake kiransa Yobe, ko Komadugu a bakin Barebari. Ya ratsa Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar, ya faɗa tafkin Cadi tsakanin Bosso da Malam Fatori. Arewa da shi jigayin yashi ne har hamada. Tafiyar ruwan tana ɗaukar makonni, don haka kogin kan cika a ƙasa bayan damina ta ja baya, ya kuma ƙafe da bazara har a taka shi da ƙafa.

A kusa da wannan kogi Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a ƙarshen ƙarni na 15, ya zama hedikwatar daular Borno sama da shekara 300, har mayaƙan jihadi suka ci shi a 1808. Daga can ayari kan kama hanyar Bilma da Fezzan zuwa Tarabulus. Kayan da ake kai wa arewa sun haɗa da fatu da hauren giwa, da kuma bayi, abin da bai kamata mai ba da tarihi ya tsallake ba. Ana dawowa da dawakai da tufafi da takarda. Yau birnin kufai ne a gabas da Gaidam.

Amma fataucin sarakuna ba shi ne ya rayar da talakan bakin kogi ba. Abin da ya rayar da shi wata dabara ce da zafi da nisan kasuwa suka koya masa: kada ka ɗora wa raƙumi ko jaki abin da zai ruɓe a hanya. Mangawa sun dafa ƙasar tafkunan da suka ƙafe suka fitar da gishirin mangul, fatake suka kai shi ƙasar Hausa tare da kanwa. Masunta sun mayar da kifinsu banda. Makiyaya sun shanya fatu, mutanen daji sun tsinci ƙaro. Da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, kayan nan ne dai, haɗe da gyaɗa da shanu, suka cika taragu, garin ya zama matattarar dillalai daga ko'ina.

Tattasai shi ne autan wannan zuri'a, kuma shi ya fi su kawo kuɗi a gaɓar kogin ta ɓangaren Nijar. Farin shekarun 1970 da 1980 ya kashe dabbobi, ya hana gero yin kirki, tafkin Cadi kuma ya janye ya bar masunta a tudu. A daidai lokacin ƙananan injinan ban ruwa suka fara yaɗuwa. Mutumin da a da sai da jigo yake shayar da ɗan lambu, yanzu ya iya buɗe gona sosai. Ana tsinke tattasan da hunturu, a baza shi a kan yashi ya bushe, a danna a buhu. Rana da iska, waɗanda su ne abokan gaban manomi a wannan ƙasa, a nan su suke yi masa aiki kyauta. Mafi yawan buhunan, Nijeriya suke shiga, shi ya sa naira ta daɗe tana yawo a kasuwar Diffa kamar 'yar gida.

Wanda ya dubi gonar kawai bai ga rabin sana'ar ba. Akwai mai sayar da fetur a jarka, da bakaniken inji, da matan da ake biya su tsinka, da mai kwalekwale, da mai mota. Akwai kuma ɗan kasuwar da ke ba manomi bashin mai da taki, ya karɓi buhuna idan kaka ta yi. Sau da yawa shi ne ke kwashe romon, domin manomin da bashi ya kama ba ya iya jiran farashi ya tashi. A ganina nan ne gyara ya fi sauƙi: rumbun ajiya na haɗin gwiwa zai fi amfanar manomi fiye da rabon taki na lokacin siyasa.

Raunin sana'ar biyu ne, kuma duk daga nesa suke zuwa. Na farko ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamu ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Haɗeja da Nguru. Shinkafar Kura da Kadawa a ƙasar Kano da tattasan Diffa daga tulu ɗaya suke sha, sai dai na sama shi ke fara ɗiba.

Na biyu tsaro. Bayan harin Boko Haram a Bosso da Diffa a Fabrairun 2015, gwamnatin Nijar ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana hawa babur, ta taƙaita fetur da taki, ta dakatar da cinikin tattasai da kifi bisa zargin cewa 'yan ta'adda na samun kuɗi ta nan. Dubban iyalai suka bar gaɓar kogi suka koma zaman bukkoki a gefen babbar hanya. An sassauta daga baya, tattasai a 2017, kifi a 2019, amma a watan Agustan 2019 ɗin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, a 2023 kuma takunkumin ECOWAS ya sake rufe su har zuwa Maris na 2024. Da tumatir suke nomawa da tuni an tashi daga sana'ar. Busasshen tattasai kuwa yakan yi watanni a ɗaki yana jiran a buɗe hanya, muddin mai shi yana da abin da zai ci kafin ranar.