Farautar bishiyoyin da annoba ta tsallake: Yadda Amurka ke fafutukar dawo da cesnat

A watan Yuli, lokacin da yawancin itatuwan dazukan gabashin Amurka suka riga suka zubar da fure, a sannan ne bishiyar cesnat ke lulluɓe kanta da fararen furanni. Wannan jinkirin nata ne ya bai wa masu bincike na Jami'ar Maine damar hango wata guda daga cikin jirgin sama a shekarar 2015, a dajin da ke kusa da garin Lovell. Da suka bi sawunta a ƙasa suka auna, sai suka tarar tsawonta ya kai ƙafa 115, wato kimanin mita 35. Ba a san wata da ta kai ta tsawo ba a duk yankin da bishiyar ta samo asali.

Abin da ya sa gano bishiya ɗaya tak ya zama labari shi ne, a farkon ƙarni na 20 an ƙiyasta cewa akwai cesnat biliyan 3 zuwa 4 daga jihar Maine a arewa har zuwa Mississippi a kudu. 'Ya'yanta na zuwa ne cikin ƙwanso mai ƙaya, ana gasa su a ci, ɗanɗanonsu kusa da na dankalin Hausa. Mazauna tsaunukan Appalachia suna tsinto su a kai kasuwannin birane, dabbobin gida da na dawa su ƙoshi da sauran. Katakonta ba ya saurin ruɓewa, don haka da shi ake yin gidaje da shinge da turakun waya da shimfiɗar layin dogo. Majema kuma suna jima da sinadarin da ke jikinta, kamar yadda ake yi da bagaruwa.

Yadda annobar ta shigo

A 1904 wani jami'in kula da itatuwa a gidan namun daji na Bronx da ke New York, Hermann Merkel, ya lura bishiyoyin cesnat na bushewa. Bincike ya nuna wani nau'in funfuna ne da ya biyo dashen da aka shigo da su daga Asiya, inda cesnat ɗin can suka daɗe da sabawa da shi. Sai a 1912 Amurka ta kafa dokar killace tsirrai, bayan ɓarna ta riga ta kankama.

Funfunar na shiga ta duk inda ɓawo ya tsage, ta fitar da wani sinadari mai tsami da ke kashe naman itacen, har gyambon ya zagaye gangar jiki ya datse hanyar ruwa da abinci. Jihar Pennsylvania ta kafa hukuma ta musamman a 1911, aka yi ta sare bishiyoyi don a tare cutar, amma iska da tsuntsaye suka ci gaba da yaɗa ta. Zuwa 1950 kusan duk manyan bishiyoyin sun mutu.

Sai dai cutar ba ta kashe saiwa. Har yau tsofaffin kututture na fitar da toho, ya yi 'yan shekaru, cutar ta kama shi ya bushe, wani ya sake fitowa. Akwai irin wannan toho fiye da miliyan 400 a dazukan, amma ƙalilan ne ke rayuwa har su yi 'ya'ya.

Sa'a ko juriya?

Wannan ne ya sa kowace babbar cesnat da aka gano take da daraja. A 2006 an ci karo da wani rukuni a tsaunin Pine da ke jihar Georgia. A West Salem ta jihar Wisconsin kuwa, 'yan ƙwayoyin da wani manomi, Martin Hicks, ya shuka a ƙarshen ƙarni na 19 sun yaɗu har suka kai bishiyoyi kusan 2,500. Nisansu da yankin annobar ne ya kare su, kuma a 1987 cutar ta iske su.

Abin da masana ke fara tantancewa ke nan: shin bishiyar ta tsira ne domin cutar ba ta kai gare ta ba, ko kuwa ta kamu ta jure? Wadda ke ɗauke da tabon gyambon da ya warke ta fi muhimmanci, domin tana iya gadar wa 'ya'yanta wannan juriya.

Akwai kuma matsaloli biyu. Cesnat ba ta barbarar kanta, dole sai garin furen wata ya iso ta, saboda haka wadda ta tsira ita kaɗai a daji ƙwansonta fanko ne. Ma'aikata kan hau da tsani ko motar ɗaga mutane su yi mata barbara da hannu, su rufe furen da jaka. Na biyu, ƙwayarta na mutuwa idan ta bushe, ba a iya adana ta a rumbun iri kamar gero ko dawa. Ajiyarta ita ce a shuka ta a gona, ko a yanko reshe a aura shi a jikin wani dashe.

Hanyoyi uku, babu mai sauƙi

Gidauniyar Cesnat ta Amurka, wadda aka kafa a 1983, ta bi shawarar masanin gadon tsirrai Charles Burnham: a haɗa cesnat ɗin Amurka da ta Sin mai jure cutar, sannan a riƙa mayar da zuriyar ga ta Amurka har sai kashi 15 cikin 16 na jininta ya zama na gida. An buɗe gonar gwaji a Meadowview ta jihar Virginia a 1989. Daga baya aka gano cewa juriyar ta rataya ne a kan ƙwayoyin gado masu yawa, ba biyu ko uku da aka zata ba, don haka tana raguwa yayin da jinin Sin ke raguwa. Yanzu gidauniyar na nazarin ƙwayoyin gadon kowane dashe kafin ta zaɓi iyayen zuriya ta gaba.

Hanya ta biyu ta fito daga kwalejin nazarin muhalli da gandun daji da ke Syracuse, inda William Powell da Charles Maynard suka dasa wa cesnat ƙwayar gado daga alkama, wadda ke karya ƙarfin sinadarin funfunar. Suka sa wa bishiyar suna Darling 58, aka nemi izinin Ma'aikatar Noma a 2020, ga kuma hukumomin muhalli da na abinci da magunguna da su ma sai sun duba. Powell ya rasu a Nuwamban 2023. Wata guda bayan haka gidauniyar ta janye goyon bayanta, tana mai cewa bishiyoyin ba sa girma yadda aka yi fata. An kuma gano cewa kuskuren laƙabi ya sa an shafe shekaru ana gwaji da wani layi daban, Darling 54. Kwalejin ta ci gaba da neman izini da sunan wannan layin.

Ta uku ita ce a sa wa cutar cuta. A Italiya da Faransa an gano wani bairos da ke raunana funfunar, kuma ya ceci cesnat ɗin Turai. A gabashin Amurka bai yaɗu sosai ba, domin nau'o'in funfunar a can sun yi yawa, bairos ɗin ba ya tsallakawa daga wani zuwa wani cikin sauƙi.

Duk hanyar da ta yi nasara, za ta buƙaci iyaye daga sassa daban-daban, domin bishiyar da ta saba da sanyin Maine ba lallai ta jure zafin Georgia ba. Shi ya sa ake roƙon mafarauta da masu yawon daji su ɗauki hoton duk cesnat da suka gani ta manhajar TreeSnap, su aika da ganye da ɗan reshe a tantance. Sau da yawa bishiyar da aka gano takan mutu bayan wasu shekaru, don haka ma'aikata ke hanzarin kwasar garin furenta da rassanta zuwa gonakin ajiya tun tana da rai.